Ƙwayar sanƙarau a cikin farar ƙwayar jini: wa ke cin wani?

Ɗan Jega ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, musamman na ɗakin gwaji. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a ƙasar Jega, jihar Kebbi, kuma akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Duk shekara in bazara ta kama, zafi ya tsananta, ƙura ta tashi, sai a fara kawo mana ruwan ƙashin bayan yaran da ake zargin sanƙarau ya kama su. Ruwan da ya kamata ya fito garau sai ya zo a gurɓace, fari-fari. In na shafa shi a gilashi, na yi masa rinin Gram, na leƙa a madubi, sai in tarar da fararen ƙwayoyin jinin nan da muke kira nutrofil sun cika fili. Ga kuma ƙwayoyin sanƙarau jajaye, bibbiyu suna fuskantar juna, wasu a waje, wasu kuwa a cikin cikin nutrofil ɗin. Sai in rubuta sakamako, a kai wa likita, a fara allura. Nawa aikin ya ƙare ke nan, amma zuciyata ba ta barin wurin.

Wadda nake gani a ciki, haɗiye ta aka yi ana kashe ta, ko ita ce ta shiga ta samu maɓoya? In kuma garkuwar jiki tana cinye su haka, me ya sa yaron yake galabaita, wani ya rasu, wani ya tashi ba ya ji?

Sai ta biyu. Na ji ana renon fararen ƙwayoyin jinin mutum a faranti da ransu, a zuba musu bakteriya, a ga abin da za su yi. Mu dai bakteriya kaɗai muka iya renowa, jinin da ke cikin farantin renon nan namu da muke kira cakulet ma dafaffe ne. Yaya ake yin wannan, kuma me ake gani? Abin da muke da shi a nan: madubi mai kyau, akwatin ɗumi, tukunyar ruwan ɗumi, injin wujijjiga jini, da tulun kyandir. Mai sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam Gusau ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. A kan irin bencin nan naka na ƙare shekarun aikina kafin in yi ritaya, don haka na san abin da idonka yake gani.

Gilashin da ka rina ba zai ba ka amsa ba. Hoton 'yan kokawa biyu ne a rungume da juna: ka ga riƙo, amma ba ka ga kaye ba. Wutar da ka gasa gilashin da ita da rinin da ka zuba sun kashe kowa a inda yake tsaye. Sai an shigar da lokaci cikin lissafi, a duba yanzu, a sake dubawa an jima, sannan a san wanda ke raguwa.

Wannan neman ya girme mu duka. A 1882, a garin Messina na Italiya, wani masani daga Rasha mai suna Elie Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku wadda ake hango cikinta, washegari ya tarar da ƙwayoyin halitta masu yawo sun yi dafifi a kan ƙayar. Daga nan ya ce aikinsu ke nan, su haɗiye baƙon abu, kuma a 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich. Leishman kuwa, wannan da kake amfani da rininsa kullum, shi ne a 1902 ya fito da hanyar haɗa jini da bakteriya a ɗumin jiki, a shafa a gilashi, a ƙirga nawa kowace farar ƙwaya ta haɗiye. A 1903 Wright da Douglas a Landan suka nuna cewa ruwan jini ne ke fara shafe bakteriyar da wasu sinadarai kafin haɗiyar ta yi sauƙi. Riƙe wannan na ƙarshe, shi ne rabin amsarka.

In ka haɗa nutrofil da bakteriya a kwalba, cikin 'yan mintoci za ta rarrafa ta nufe ta, ta miƙa jikinta ta zagaye ta, ta rufe ta cikin wata 'yar jaka. Nan take shan iskar oksijin ɗinta yake ninkuwa. Ba don numfashi ba, guba take haɗawa. Takan samar da haidirojin faroksaid, sannan wani sinadari nata mai suna mayelofaroksides ya haɗa shi da kilorin ɗin gishirin jiki, ya zama dangin ruwan bilic ɗin da kake goge benci da shi. Shi mayelofaroksides ɗin kore ne, shi ya sa wata mugunyar da wani majinar suke fitowa kore-kore. Akwai tsohon gwaji da ake kira NBT: ka zuba rini rawaya, nutrofil mai aiki ta mayar da shi shuɗi mai duhu a cikinta. Yaran da aka haifa ba sa iya haɗa wannan gubar, rinin ba ya juyawa, kuma ƙuraje da maruru ba sa barinsu. A 2004 kuma masu bincike a Berlin suka nuna cewa nutrofil kan fitar da zaren gadon halittarta waje, mai danƙo, bakteriya su maƙale a jiki.

To me ya sa yaron yake galabaita? Ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga ta sukari mai santsi, nutrofil ba ta samun wurin kamawa sai an shafe ta da sinadaran ruwan jini, wato antibodi da kwamfilimen. Su kuwa waɗannan kaɗan ne ƙwarai a cikin ruwan ƙashin baya. Saboda haka ana haɗiye wasu, amma na waje suna hayayyafa fiye da yadda ake cin su. Nutrofil kuma suna ta kwararowa suna zubar da gubarsu a wurin da ba ya son ko kaɗan, kumburi ya taso cikin ƙoƙon kai inda babu wurin buɗawa, ya taɓa kunnen ciki da jijiyar ji. Ɓarnar da kake gani, wani ɓangare nata daga faɗan ne kansa. Wadda ka gani a ciki galibi tana hanyar mutuwa, ko da yake 'yar'uwarta mai kawo ciwon sanyi ta shahara da iya rayuwa a cikin nutrofil.

Batun reno na zamani na bar wa yara masu hannu a ciki.

'Yar Argungu ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena na Jega, ni aikin da nake yi ke nan yanzu a karatuna, bari in ba ka yadda yake a hannu.

Ana ɗibar jinin mai lafiya da yardarsa, a tsarma shi, a kwantar da shi a hankali bisa wani ruwa mai nauyi da ake kira Ficoll. A hankali fa, don in hannu ya yi rawa suka gauraye, an yi asarar jinin. Sai a wujijjiga na minti 30 ba tare da birki ba. In ka fito da kwalbar za ka ga jajayen ƙwayoyi da nutrofil sun nutse ƙasa, ruwan jini ya taso sama, a tsakiya kuma ga wani siririn zobe fari. Wannan zoben shi ake nema, wasu ire-iren fararen ƙwayoyin jini ne, limfosait da monosait. Wani masani ɗan Norway, Arne Bøyum, ya bayyana wannan dabara a 1968, har yau ita ake bi. In aka zuba su a farantin roba mai ƙananan ramuka da muke kira rijiyoyi, monosait sukan manne a ƙasa cikin awa 1 zuwa 2, sai a wanke sauran. A ba su ruwan abinci RPMI 1640 da sinadarin girma, a ajiye a ɗumin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Bayan kamar mako guda sun baje, sun yi girma, sun zama makrofaj, wato manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye baƙon abu. Ruwan abincin ja ne, kuma in ka zo da safe ka tarar ya koma rawaya ya yi duhu-duhu, to bakteriya sun ci gari a wannan rijiyar. Wanda ba ya son wahalar neman jini yakan yi amfani da THP-1, ƙwayoyin da aka samo a Japan a 1980 daga wani yaro mai sankarar jini, amma su ba lafiyayyu ba ne, amsarsu ba ta cika yin daidai da ta mutum ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba sai bakteriya mai rai ba. Ka dafa ta ta mutu, ko ka ɗauko ɓurɓushin fatarta kawai, wanda ake kira LPS, ɗan abin da bai kai a gani ba, monosait za su tashi. Suna da wata kafar ganewa a jikinsu, TLR4, wadda Bruce Beutler ya gano aikinta a 1998, aka ba shi Nobel a 2011 tare da Jules Hoffmann da Ralph Steinman. Cikin 'yan awanni sai ruwan farantin ya cika da sinadaran kira: TNF ne kan gaba, sai IL-6 da IL-8 mai kiran nutrofil, can daga baya IL-10 mai sassauta abin. Waɗannan ne a jikin mutum suke jawo zazzaɓi, in sun yi yawa jini ya faɗi. Kuma in ka sake zuba LPS washegari a kan waɗannan ƙwayoyin, TNF ɗin da za su fitar kaɗan ne. Haka ake samun monosait ɗin masu fama da gubar cuta a jini, sun yi sanyi, wata cutar ta samu ƙofa.

Tambayarka ta wa ke cin wani kuwa, ga yadda muke warware ta. A zuba bakteriya kamar 10 ga kowace makrofaj, a bar su kusan awa guda, a wanke, sannan a zuba jentamaisin. Wannan maganin yana kashe na waje, amma ba ya saurin shiga cikin ƙwayar halitta. Daga nan sai a riƙa fasa makrofaj ɗin rijiya-rijiya, wata yanzu, wata bayan awa 2, wata bayan awa 24, a shuka abin da ya fito a farantinku na yau da kullum, a ƙirga tsiro. Amsar ba ɗaya ba ce, kowace ƙwaya da halinta. E. coli marar ƙarfi, adadinta yana zubewa. Ƙwayar taifot tana daɗewa da ranta a ciki, kuma ta haka take bi ta kai saifa da hanta da ɓargo. Ta tarin fuka ta fi kowa iya zama: tana hana jakar da aka rufe ta a ciki haɗuwa da jakar narkarwa, abin da Armstrong da Hart suka nuna tun 1971 a makrofaj na ɓera. Tana rabuwa sau ɗaya cikin awa 15 zuwa 20, alhali E. coli minti 20 ya ishe ta, sai ka ga adadinta yana hawa sannu a hankali cikin kwanaki har makrofaj ta mutu. Staphylococcus aureus mai kawo maruru kuwa, wasu irinta suna fitar da dafin PVL mai huda nutrofil ta fashe, kuma masu wannan dafin suna da yawa a Afirka ta Yamma. Nutrofil ɗin ɓera ba su cika jin dafin ba, taifot kuma cutar mutum ce kaɗai. Dalilin da ya sa dole a yi aikin da ƙwayoyin mutum ke nan.

Akwai ma gwajin asibiti da ya fito daga nan. QuantiFERON na tarin fuka jini ne ake haɗawa da ɓurɓushin ƙwayar, a ɗumama awa 16 zuwa 24, a auna ko limfosait sun gane ta sun fitar da wani sinadarin kira mai suna intaferon gama.

Amma faranti ba mutum ba ne. Babu saifa, babu hanta, jini ba ya gudana, oksijin ɗin akwatin ɗumi ya fi na cikin nama yawa, kuma jinin mutum biyu masu lafiya kan ba da amsa mai nisa da juna. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu tallar magani da ke cewa an gwada a ɗakin gwaji an ga yana ƙara garkuwar jiki. Sau da yawa abin da aka gani shi ne monosait sun fitar da TNF, wanda ƙazantar LPS a cikin jiƙon ma kaɗai za ta iya sa su yi. Tashin ƙwayoyin garkuwa ba shi ne lafiya ba, Baba ya riga ya nuna maka abin da yake yi a ƙoƙon kai.

Nas daga Ƙauran Namoda ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba 'yar ɗakin gwaji ba ce, a gefen gado nake. Ina aiki lokacin annobar da ta taso a nan Zamfara ƙarshen 2016 ta shiga 2017, wadda a faɗin ƙasa aka yi zargin ta kama mutum sama da 14,000, sama da 1,100 suka rasu. Mun kwantar da yara har a ƙasa, muna rataye ruwa a inda muka samu. Abin da har yau yake mini nauyi shi ne iyaye mata da suke riƙe hannuna suna cewa, "Ba an yi musu allurar sanƙarau ba?" An yi kuwa, wasunsu da katinsu a hannu. Mun ce musu wannan wani iri ne daban, amma ni kaina iyakar abin da na sani ke nan.

Malam, don Allah, wannan aikin faranti da kuke ta bayani, yana da abin da zai ce wa waɗannan matan?

Malam Gusau ya sake amsawa:

Yana da shi, Hajiya, kuma Allah ya saka muku da abin da kuka yi a wancan lokaci.

Rigar sukarin nan da na ambata ba iri ɗaya ba ce. Akwai A, B, C, W, X da Y. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, rigar A kaɗai take koya wa jiki, kuma ta yi aikinta, don A ce ta jawo babbar annobar 1996, yanzu kuwa kusan ba a ganinta. Wadda ta same ku C ce, wani sabon iri da aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013, ya taɓa Kebbi, sannan ya barke a wurinku.

Ana ganin wannan ƙarara a faranti. A ɗebi ruwan jinin wanda aka yi wa allura, a yi ta tsarma shi ninki-ninki, a zuba ƙwayar sanƙarau mai rai da kwamfilimen, a bar su awa guda, a shuka, a ƙirga. In akwai antibodin da ya dace da rigar, kwamfilimen zai huda ƙwayar ta mutu, ko babu farar ƙwayar jini ko ɗaya a wurin. Ruwan jinin yaron da ya samu allurar A zai kashe A ko an tsarma shi sosai, amma in babu wata kariyar daban, ka zuba masa C sai ta tsiro abinta. Goldschneider da abokan aikinsa suka kafa wannan a 1969 da jinin sababbin sojojin Amurka: waɗanda ruwan jininsu yake kashe ƙwayar a faranti ba su cika kamuwa ba, waɗanda suka kamu kusan duka nasu ba ya kashewa. Da wannan gwajin aka amince da MenAfriVac, ba a jira annoba ta zo a gani ba. Da shi kuma aka auna sabuwar allurar Men5CV mai ɗauke da A, C, W, Y da X, wadda Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da ita a 2024.

Don haka matan nan ba a yaudare su ba. Allurar ta tsare yaransu daga abin da aka yi ta dominsa. In sabuwar ta iso unguwarku, wannan bayanin za ki ba su.

Ɗan Jega ya sake rubutawa:

Baba Malam, Yaya, Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya, mu ba mu da Ficoll, ba mu da akwatin iskar kabon. Amma irin na Leishman da Baba ya ambata, ina ga kayanmu za su iya. Ina son ɗaliban da ake turo mana koyon aiki su gani da idonsu. Ta ina zan fara, kuma zan iya amfani da ƙwayar sanƙarau da muka reno?

'Yar Argungu ta sake amsawa:

A'a ƙanena, ka rufa mini asiri, ban da sanƙarau. Jiƙa ta a ruwa da girgiza ta a buɗaɗɗen benci yana tayar da ita cikin iska, kuma an sha samun ma'aikatan ɗakin gwaji da suka kamu ta haka har suka rasu. Haka ma taifot da tarin fuka. Ka ɗauki E. coli ATCC 25922 da ake ajiyewa don tantance ingancin aiki. Staphylococcus tana da kyan gani a madubi, amma tana dunƙulewa cikin ruwan jini ta rikita maka ƙirga. Kuma kafin komai ka nemi izinin shugaban sashenku da yardar mai ba da jinin.

Jinin ya zama a kwalbar hefarin, sinadarin da ke hana shi daskarewa, kada ka sa a ta EDTA da kuke ƙirgar jini da ita, don tana ɗaure kalsiyam, haɗiyar kuwa tana buƙatarsa. Ka yi aiki da shi cikin awa 1 zuwa 2, nutrofil ba sa jimirin jira. Gajeren gwaji irin wannan ba ya buƙatar iskar kabon, tukunyar ruwan ɗumi a digiri 37 ta wadatar.

Ka fara ƙirga nutrofil ɗin mai jinin, kada ka dogara da adadin littafi. Mutanenmu da yawa nasu bai kai na Turawa ba, saboda rashin alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jini, kuma lafiyarsu ƙalau. Ka jiƙa bakteriyar a ruwan gishiri zuwa ma'aunin McFarland 0.5, wato kusan miliyan 150 a kowace mililita. In mai jinin yana da nutrofil miliyan 3 a mililita, to mililita 0.2 na ruwan bakteriya a kan mililita 1 ta jini ya ba ka 10 ga kowace ɗaya. Ka riƙa juya kwalbar a hankali, ka shafa gilashi a minti 5, 15, 30 da 60, ka yi rinin Leishman, ka ƙirga nutrofil 100 a kowane gilashi, ka rubuta nawa ne ke ɗauke da bakteriya.

Kwalba biyu na gefe su ne za su sa a yarda da sakamakonka. Ɗaya ka dasa ta cikin ƙanƙara: a sanyi bakteriya kan manne a jikin nutrofil amma ba a haɗiye su, sai ɗalibanka su koyi bambanta mannewa da haɗiya. Ɗayar kuma ruwan jini zalla da bakteriya, babu ƙwayoyin jini, don kwamfilimen kaɗai yana iya kashe wasu. In kana son ganin rawar da yake takawa, ka ɗumama ruwan jinin a digiri 56 na minti 30, kwamfilimen ɗin zai lalace, sai ka mayar da shi kan wankakkun ƙwayoyin ka ga yadda haɗiyar za ta ragu.

Don sanin ko an kashe su, a kowane lokacin da ka shafa gilashi ka ɗebi ɗan kaɗan ka zuba a tataccen ruwa marar ƙwayar cuta, ƙwayoyin jinin su fashe, ka tsarma, ka shuka a farantin reno na MacConkey, ka ƙirga tsiro da safe. In ka samu alƙaluman kwalaben uku ka turo su nan mu duba tare.